Idan Mai Sana'a Ya Karye: Ina Mafita Ga Manomin Argungu Da Ɗan Kasuwar Birnin Kebbi?

Ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers. Daga ranar fadamar Rima ta shiga wani sabon zamani. Manomin da bai taɓa taka ƙofar banki ba sai ga shi da asusu da lambar BVN, an ba shi iri da taki da injin ban ruwa, bisa sharaɗin zai biya idan ya girbe. Shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas ta shiga kasuwa a ƙarshen 2016, kamfanin WACOT ya buɗe babbar masana'antarsa a Argungu a 2017, ga kuma ta Labana a Birnin Kebbi. An yi taro kan taro ana koya wa mutane yadda ake cin bashin. Yadda ake fita daga cikinsa idan zamani ya juya, wannan babu wanda ya tsaya ya yi bayaninsa. Zamanin kuwa ya juya, ba sau ɗaya ba. Gobara ta cinye babbar kasuwar Birnin Kebbi a watan Maris na 2016. Ambaliyar daminar 2020 ta shafe gonakin shinkafa ana dab da girbi. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ninka kuɗin fetur ɗin da mai noman rani yake zuba wa injinsa, bayan wata biyu kuma juyin mulkin Nijar ya sa aka rufe iyaka, fataucin Kamba da kewaye ya tsaya cak.

Duk wanda ya san waɗannan shekaru ya san cewa ba kowane mai sana'a da ya kasa biyan bashi ba ne mai taurin bashi. Hausa ma ta raba su da kalmomi: akwai wanda ya karye, akwai wanda ya cinye. Matsalarmu ita ce ba mu da wani wuri mai sauƙin isa da za a zauna a tantance wane ne wane, a hukunta macuci, a tsara wa karyayye yadda zai biya abin da zai iya ya koma bakin sana'arsa. Dokar ƙasa tana da irin wannan ƙofa, fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suka gada shi ma yana da ita, amma duk biyun sun yi tsatsa saboda rashin amfani. Abin da ya maye gurbinsu shi ne rige-rige: wanda ya fi ƙarfi ko ya fi rashin kunya a cikin masu bin bashi shi yake kwashe abin da ya rage, sauran su tashi a tutar babu, mai bashin kuma ya rasa jari da mutunci gaba ɗaya.

A Amurka da Ingila, ɗaya daga cikin abubuwan da ke jefa mai zaman kansa cikin wannan hali shi ne katin bashi, wato katin da banki yake ba mutum ya yi ta sayayya da kuɗin bankin, kuɗin ruwa yana hawa a kan abin da bai biya ba a ƙarshen wata. Katunan da ke aljihun mutanenmu galibi na cire kuɗin da mutum ya ajiye ne, masu katin bashi 'yan ƙalilan ne. Amma aikin da katin yake yi a can, akwai masu yin sa a nan: manhajar waya da ke tura rance cikin minti biyar, ƙaramin bankin da ke karɓar biya mako-mako, dillalin da ke ba da taki da fetur a kan zai auna shanshera da kaka, ubangidan da ke ba da kaya a sayar a kawo kuɗi, da adashin da mutum ya riga ya ɗauki kwasarsa. Mai sana'a ɗaya yakan haɗa uku ko huɗu daga cikinsu, yana cin wannan don ya toshe wancan. Bashi hanji ne, in ji Bahaushe, yana cikin kowa. Sai dai hanjin ma'aikaci da na mai zaman kansa ba ɗaya ba ne. Shi ma'aikaci albashinsa sananne ne, ana iya yanka wani kaso duk wata. Masunci ko mai noman rani ko tela kuɗinsa na zuwa ne lokaci-lokaci, kuma a idon doka babu katanga tsakanin aljihun sana'arsa da na gidansa. Ko da ya yi wa shagonsa rajistar suna a Hukumar Rajistar Kamfanoni, bashin shagon bashinsa ne, ana iya bin babur ɗinsa da filinsa. Katangar tana samuwa ne kawai ga wanda ya kafa cikakken kamfani, abin da dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa har mutum ɗaya zai iya yi shi kaɗai. Ko a nan ma, da zarar ya sa hannu cewa shi da kansa ya tsaya wa kamfanin, katangar ta rushe, bankuna kuwa ba safai suke ba ƙaramin kamfani rance ba tare da wannan sa hannun ba.

To, me dokar ƙasa ta tanada? Akwai dokar karayar arziki ta 1979, wadda aka yi wa gyara a 1992, kuma ita ce ke aiki har yau. Ta shafi ɗaiɗaikun mutane ne, ban da kamfanoni, kuma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin sauraron irin wannan ƙara, tana da mazauni a Birnin Kebbi. Hanya biyu ake shiga. Mai bin bashi zai iya shigar da ƙara idan kuɗin da yake bi sanannen adadi ne da bai gaza naira 2,000 ba, kuma wanda ake bin ya aikata abin da dokar ta ɗauka alamar karyewa a cikin wata uku kafin ƙarar, misali kotu ta riga ta yanke masa hukuncin biya, aka kai masa sanarwa, kwana 14 suka wuce bai biya ba. Shi ma wanda ake bi zai iya kai kansa, ya bayyana wa kotu cewa ya gaza. Sharaɗin dai shi ne mazaunin Najeriya ne ko yana da gida ko harkar kasuwanci a cikinta. Idan kotu ta karɓa, sai ta sa dukiyarsa ƙarƙashin kulawar jami'inta, masu bin bashin da ba su riƙe da jingina su dakata da binsa ɗai-ɗai. Daga nan zai iya miƙa tayin sulhu, ya ce ga abin da zan iya biya, ga lokacin da zan biya. In mafi rinjayen masu bin bashin suka yarda, kotu ta amince, shi ke nan. In ba a daidaita ba, a ayyana shi karyayye, a sayar da kadarorinsa a raba gwargwadon abin da kowa ke bi, a bar masa tufafi da shimfiɗa da kayan aikinsa daidai wata 'yar ƙima da dokar ta ƙayyade. Daga baya zai iya neman kotu ta sallame shi, ko kuma sallamar ta zo da kanta bayan shekara 5. Sallamar ba ta goge bashin da aka ci da zamba, ba ta hana mai riƙe da jingina sayar da abin da aka jinginar masa, ba ta kuma kuɓutar da wanda ya tsaya wa mutum.

A takarda tsarin ba shi da laifi. Amma duba adadin nan na naira 2,000. A 1979, lokacin da naira ta fi dala daraja, wannan ya haura dala 3,000. Yau ba zai cika galan ɗaya na fetur ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna shekara nawa dokar ta yi babu wanda ya waiwaye ta. Manomin da ke Augie ko Gulma da ake bin sa naira dubu ɗari shida, kafin ya ɗauki lauya, ya biya kuɗin shigar da ƙara, ya yi ta jigila zuwa Birnin Kebbi ana ɗage zama, abin da zai kashe zai iya kusan kai bashin. Ga kuma tabon da ke biyo baya: tsarin mulkin 1999 ya hana karyayyen da ba a sallama ba tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa, dokar kamfanoni ta hana shi zama daraktan kamfani. Majalisar Tarayya ta takwas ta zartar da ƙudirin sabunta dokar, bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Kamfanoni sun dace, domin dokar 2020 ta buɗe masu hanyoyin sulhu da masu binsu bashi da na ceto kamfanin da ya durƙushe. Mai shago ɗaya da mai kwale-kwale ɗaya aka bari da dokar 1979.

A daidai lokacin da ƙofar fita take rufe, hanyoyin karɓar bashi sai ƙara kaifi suke yi. Tun 1 ga Agusta, 2020, Babban Banki ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ya ciro uwar kuɗi da kuɗin ruwan da suka taru daga duk wani asusun mai bashin a kowane banki, muddin ya sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rance. Da yawa sun sa hannun ba tare da an karanta masu ba. Waɗanda suka karɓi rancen korona ta bankin NIRSAL suna zaton kyauta ce sun gane kurensu ranar da suka ga an share asusunsu. Banki ya karɓi haƙƙinsa, ba a ce ya yi sata ba. Amma kwamfuta ba ta san cewa kuɗin da suka shigo yau na sayen takin bana ne ba, ko na wani ne da ya aiko a saya masa buhu goma. Wanda abin ya taɓa faruwa da shi yakan daina ajiya a banki kwata-kwata, ya koma ƙarƙashin katifa, bankin ma ya rasa sauran kuɗinsa. Su kuwa wasu masu manhajar rance, makaminsu tozarci ne: su kwashe lambobin da ke wayar mutum su aika wa surukansa da limamin unguwarsu cewa ɓarawo ne. Abin ya kai hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci tarar wani kamfani naira miliyan 10 a 2021, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022 ta kuma wajabta masu rajista, Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan waya a 2023. Sai kuma tsohuwar hanyar da kowa ya sani, a kai mutum caji ofis. Dokar 'yan sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun haramta kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, sun kuma haramta kama ɗa ko mata a madadin wanda ake nema. Idan akwai zamba, ko mutum ya ba da cakin da ya san babu kuɗi a asusunsa, wannan laifi ne daban. Amma talakan da bai san wannan ba, kwana ɗaya a bayan kanta ya isa ya sa ya jinginar da fadamar da ya gada a kan kuɗin da bai kai rabin darajarta ba.

Abin takaicin shi ne wannan ƙasa ta Gwandu da Kabi ba baƙuwar ilimin ba ce. Littattafan da almajiran fiƙihu ke karantawa a zaure, irin su Mukhtasar na Shehu Khalil da Tuhfatul Hukkam na Ibnu Asim, suna da babi a kan taflisi, wato hukuncin wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa. Masu bin bashi su kai ƙara, alƙali ya hana shi taɓa dukiyar, a sayar da ita a tsanake ba tare da an karyar da ita ba, a raba wa kowa gwargwadon abin da yake bi. Wanda ya sayar masa da kaya bashi, ya kuma tarar da kayansa suna nan yadda suke, yana da damar ɗaukar abinsa. Ana bar masa tufafinsa da abincin da zai ci da iyalinsa na wani lokaci, malamai kuma sun yi ta kai-kawo a kan kayan aikin mai sana'a, ko a sayar ko a bar masa. Mai hali da ya ƙi biya ana tsare shi har ya biya. Wanda aka tabbatar ba shi da komai kuwa ba a tsare shi, ana saurara masa har ya samu, kamar yadda aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni. Duk wanda ya aza wannan kusa da dokar 1979 zai ga kamannin ya yi yawa: bincike, dakatar da rige-rige, rabo daidai, da barin mutum da abin da zai rayu.

Akwai masu cewa buɗe irin wannan ƙofa zai ƙara wa masu taurin bashi ƙarfin gwiwa, kuma suna da hujja. Babban Banki ya zuba sama da naira tiriliyan ɗaya a shirin Anchor Borrowers a faɗin ƙasa. A farkon 2023 Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari ne aka biya, bankin ya musa ya ce an biya ɗan sama da rabin abin da lokacin biyansa ya yi. Ko wanne aka ɗauka, asarar babba ce, kuma kowa ya san cewa cikin waɗanda suka ci kuɗin akwai manoman takarda da suka ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa. Amma a lura, duk wannan ya faru ne a ƙasar da kusan babu mai amfani da dokar karayar arziki. Rashin ƙofar bai hana kowa cinye bashi ba. Abin da ya yi shi ne ya cakuɗa wanda ruwa ya cinye gonarsa da wanda ya ƙara aure da kuɗin, har aka kasa hukunta na biyun don tausayin na farkon. Tsarin da zai sa mutum ya rantse ya lissafa duk abin da ya mallaka, a bincika, a soke kyautar da ya yi wa ɗan'uwansa don ɓoye dukiya, macuci ne zai fi kowa gudunsa.

Wasu kuma ta fuskar addini suke kallon abin, suna cewa bashi ba ya mutuwa, ko mamaci sai an biya masa kafin a raba gado. Gaskiya ne, kuma a nan ne fiƙihu ya rabu da dokar Turawa, domin taflisi jinkiri yake bayarwa, ba ya goge ragowar. Sai dai sallamar kotu iyakarta ta hana a tilasta wa mutum da ƙarfin hukuma. Ba ta hana shi biyan ragowar ranar da Allah ya buɗa masa, kuma abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa yana nan. Ayar da ta yi umarnin jinkiri ita ce kuma ta kwaɗaitar da yafewa, aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa waɗanda bashi ya danne cikin rukuni takwas da ake ba zakka. Da wuya ka ji attajirin da ya fitar da zakkarsa ya nufi kasuwa yana tambayar wane ne ya karye bana. Ga shi kuma sau da yawa abin da ya kumbura bashin banki ko na manhaja kuɗin ruwa ne da tarar jinkiri, waɗanda malaman da ke wannan magana ba su ɗauke su haƙƙi ba tun farko.

Ta fuskar masu ba da rance, fargabarsu ita ce za su yi asara su daina bayarwa. Ƙasashen da rance ya fi yawa su ne suka fi sauƙaƙa wannan hanya. Ingila ta daina ɗaure mutane saboda bashi, in ban da wasu 'yan lokuta, tun 1869, kuma daga 2004 karyayye yana samun sallama bayan shekara ɗaya. Dokar karayar arziki ta Amurka tana da babi na 7, inda ake sayar da abin da doka ba ta keɓe ba a yafe ragowar, da babi na 13, inda mai samun kuɗin shiga yake riƙe kadararsa ya biya cikin shekara 3 zuwa 5, kuma tun 2005 ake auna abin da mutum ke samu don kada mai hali ya fake da babi na 7. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne babi na 12, da aka yi wa ƙananan manoma a 1986 lokacin da bashi ya durƙusar da gonaki da yawa, aka kuma shigar da masunta a 2005. Hikimarsa ita ce manomi ya ci gaba da riƙe gonarsa, a tsara biyan daidai da lokacin da amfanin ke shigowa. Kenya ma a dokarta ta 2015 ta ware gajeriyar hanya ga ƙaramin mai bashin da ba shi da kadara. Mai bin bashin da ya bar wa masuncin kogin Matan Fada tarunsa da kwale-kwalensa yana da abin da zai karɓa baɗi. Wanda ya yi gwanjonsu ya karɓi na ƙarshe ke nan.

Kafin a gyara doka, akwai abin da ke hannun mai sana'a. Ya zauna ya rubuta duk wanda ke bin sa da adadin, ya ware uwar kuɗi daban da kuɗin ruwa, ya ware masu jingina daban. Ya je wurinsu kafin su zo wurinsa, gara ma ya tara su wuri ɗaya a gaban shugaban kasuwa ko hakimi ko liman, ya kawo tayin da ya san zai iya cikawa, a rubuta, shaidu su sa hannu. Banki yakan yarda ya tsawaita wa'adi ko ya rage tara idan aka nema a rubuce da wuri. In bai saurara ba cikin mako biyu, ana iya kai koke sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki. Manomin da aka cire wa kuɗin inshora a cikin rancensa ya tambayi ina maganar diyya ta kwana. Kada ya ci sabon bashin manhaja don biyan tsoho, kada ya juya filinsa zuwa sunan matarsa ana tsakiyar rikici, kada ya gudu ya bar wanda ya tsaya masa a hannun masu bi. Wanda bashinsa ya kai miliyoyi kuma masu bi suka yi yawa, ya ga lauya a kan dokar 1979, domin duk da tsufanta tana iya tsayar da rige-rigen.

Tsarin mulki ya sa batun karayar arziki cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka Majalisar Dokokin Kebbi ba za ta iya yin tata ba. Abin da jiha da masarautun Gwandu da Argungu za su iya shi ne kafa zaman sulhun bashi a kasuwanni da ƙungiyoyin manoma, da ware kason zakka ga waɗanda bincike ya nuna karyewa suka yi. Sauran aikin yana kan sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai takwas da jihar ta tura Abuja. A Birnin Kebbi aka fara raba rancen Anchor Borrowers a 2015, su ya kamata a fara jin muryarsu suna neman gajeriyar hanya mai arha ga ƙaramin mai bashi, wadda za ta san kaka da rani, ta bar wa manomi injinsa da masunci tarunsa. Su fara da buɗe dokar su duba sashen da har yau yake cewa naira 2,000.